Abin da Ke Cikin Hular Kumai

Kumai yana da wata 'yar ɗabi'a da duk unguwarsu ta sani. In aka faɗa masa magana mai zafi, ba ya amsawa nan take. Sai ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar wanda wani abu ya faɗa masa a ciki, ya ɗan jima, ya mayar da ita kansa, ya gyara mata zama, sa'an nan ya buɗe baki. Kafin ya gama duk wannan, sau da yawa mai zagin ya manta inda ya tsaya.

Hular ta kaki ce mai baki a gaba, irin wadda reluwe take ba ma'aikatanta. Shekara ashirin da shida Kumai ya yi yana bin layin dogo da ƙafa, daga Kafanchan zuwa wajen Kagoro, da doguwar guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurara. Ƙarfen da ya tsage kukansa daban ne, kuma kunnen Kumai ya san bambancin. Ya ajiye aiki a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Reluwe ta karɓi gudumarta, ta bar masa hular.

Da yake kunnen nan bai ajiye aiki ba, sai aka ba shi ƙararrawar coci. Ƙararrawar ba wata aba ba ce, guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a reshen mangwaro, ana bugunsa da ƙatuwar ƙusa. Amma a hannun Kumai magana take yi. Ran Lahadi bugun farko na wanka ne, na biyu na ɗaura ɗankwali, na uku na shiga. In aka yi rasuwa, yakan buga ɗaya, ya jira ƙarfen ya gama kukansa, sa'an nan ya ƙara. Masu agogo a unguwar ba su kai biyar ba, kuma ko su da bugun Kumai suke gyara nasu. Ba ya wa'azi, ba ya jan waƙa, in an ce ya yi addu'a a taro jimla uku ce ya ce amin. Ƙarfen nan shi ne iyakar abin da yake da shi a gaban Allah da mutane, haka yake gani.

Maƙwabcinsa na bayan gida Alexander ne, tsohon hedimasta, dattijon ikilisiya, wanda kowa ke kira Elda. Rabin mazan cocin sun sha bulalarsa a firamare, har da faston. Yakan zo sujada da kwat da taye ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, da ƙaton littafinsa mai baƙar fata a hammata. In aka ba shi addu'ar abinci a wurin biki, mata sukan mayar da miya kan wuta tun bai kai rabi ba. Ba mugun mutum ba ne. Abu ɗaya ne: bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, kuma wannan kaya ne mai nauyi ga mutum ɗaya.

Alexander yana da alade, ƙato, baƙi, mai kunne ɗaya a tsage. Ana kiransa Saja, don duk gidan da ya ga dama yake shiga ba sallama. Kumai kuwa yana da lambun gwaza a bayan ɗaki. Tsakanin gidajen biyu ba katanga, ba danga, sai 'yar kwata da ruwan sama ke bi.

A daminar 1974 Saja ya gano lambun. Da safe Kumai ya same shi ya tone kunya biyu yana kwance a ta uku. Ya tsaya, ya cire hula, ya leƙa, ya mayar. Sai ya ɗaura wa aladen igiya a ƙafar baya, ya kora shi har ƙofar Alexander.

"Elda, ina kwana. Ga baƙona na rako."

Alexander ya riga ya ji kukan aladen tun daga nesa, ya kuma shirya maganarsa: cewa dabba ba ta san iyaka ba, cewa mai lambu shi ke da alhakin shinge, da wasu kalmomi biyu uku na Turanci don rufewa. Ya buɗe baki ke nan sai Kumai ya miƙa masa igiyar, ya tambayi lafiyar Mildred, matar gidan, ya juya. Alexander ya tsaya da igiya a hannu da jawabi a maƙogwaro.

Haka aka yi karo na biyu, aka yi na uku. A karo na biyar Saja ya yi birgima a taɓo, sai Kumai ya wanke shi kafin ya mayar, wai kada ya ɓata wa Mildred tsakar gida. Mildred ta karɓi igiyar, ta dubi aladen yana ƙyalli, ta dubi mijinta, ta ce a hankali, "Ka ga Kirista." Shekara talatin Alexander yana koyar da Maganar Allah, ba ta taɓa faɗa masa haka ba.

Lokacin tono, abin da Saja ya rage bai cika kwando biyu ba. Paulina, matar Kumai, ta dafa wasu, Kumai ya ɗebi ƙwarya guda ya kai bayan gida da kansa.

"Elda, Saja ya ɗanɗana ya ce sun nuna. Na ce bai kamata a bar maigidansa ba."

Nan Alexander ya fashe. "Kumai, ba ka da jini a jiki ne? Ka zage ni mana! Ka kai ni kotu! Ka jefi aladen nan da dutse kamar kowane ɗan Adam, mu san inda muka tsaya!"

Kumai ya ajiye ƙwaryar a ƙasa don ya samu hannu, ya cire hula, ya leƙa. Wannan karon ya daɗe. Da ya mayar sai ya ce, "A ci da manja, ya fi daɗi."

Tun daga ranar idon Alexander bai bar hular nan ba. Wata Lahadi Kumai ya tashi zuwa gaba don baiko, wato kai kuɗin coci, ya bar hular a kife a kan benci, wani ya ture ta ta juyo. Alexander ya miƙa wuya. A can cikin ƙoƙon hular akwai 'yar jar fata mai kusurwa huɗu, an ɗinke ta da baƙin zare. Bai ji sauran wa'azin ba. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ake ɗinkewa a jar fata. Laya ce. Nan da nan komai ya zauna masa daidai: haƙurin nan ba na mutum ba ne, magani ne. Kuma maganin ne ke kiran Saja, shi ya sa ba ya shiga lambun kowa sai na Kumai. Cewa ba wani mai gwaza a layin bai shiga lissafinsa ba.

Ya rubuta wa kwamitin dattawa takarda shafi uku, Turanci a sama, Hausa a ƙasa don waɗanda ba su yi nisa ba.

A shekarun nan ikilisiya ba ta wasa da maganar laya. Ba a daɗe ba da yin taron farkawa inda aka tara layu da guraye aka ƙone a filin makaranta. Wanda aka kama da ita sai horo: wata shida a bencin baya, bakin ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, ba ya taɓa kowane aikin coci. Ga Kumai ma'anar wannan ɗaya ce. Za a raba shi da ƙarfensa.

Fasto Silvanus yaro ne a aikin, ɗan Kwoi, bai cika shekara biyu da fitowa daga makarantar fastoci ba. Yana son Kumai, amma in Alexander ya yi gyaran murya har yanzu tafin hannunsa yakan yi masa ƙaiƙayi. Ya zo gidan Kumai ran Alhamis, ya sha ruwa, ya yaba wa gwanda, ya yaba wa kaji, ya rasa abin yabawa, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, ka nuna mini cikin hular nan kawai. Ni kaɗai. In na gani, maganar ta mutu a nan."

Kumai ya riƙe hular a gwiwa. "Fasto, ba laya ba ce."

"Na sani, Baba. To, nuna mini."

"Abin da ke ciki ba nawa ne ni kaɗai ba."

Silvanus ya share zufa. Ya ce kwamiti zai zauna Asabar ta sama, kuma kafin nan dole ya karɓi ƙusar. Kumai ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya goge ta da bakin riga, ya miƙa da hannu biyu.

Lahadin nan Alexander ne ya ce zai riƙe ƙararrawar, tunda aiki ne da ba ya bukatar ilimi. Ya rufe ƙarfen da duka ba numfashi, kamar yana hukunta ajin da bai yi aikin gida ba. Mata suka fito da bokitai suna tambaya gidan wa ya kama wuta. Da aka gaya masa ya yi sauri da yawa, a bugu na biyu sai ya riƙa yi ɗaya ɗaya. Wata tsohuwa ta fito da hannu a ka tana kuka tun ba ta ji wanda ya mutu ba. Kumai yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jin yadda ake wulaƙanta ƙarfensa. Tsakanin bugun farko da na uku ya cire hula sau huɗu.

Da rana Paulina tana kankare citta a inuwa. Ita ce uwar zumuntar mata, mace mai faɗin kafaɗa da murya, wadda in ta buga tulu a waƙa har 'yan tasha suke ji. Tana da ɗan tabo a girar hagu. Duk wanda ya tambaya takan ce ƙofa ce ta buge ta tana amarya.

"Baban Roseline," ta ce ba ta ɗaga kai ba, "ka nuna musu."

"In na nuna, za su tambayi dalili."

"Sai ka faɗa."

"In na faɗa, maganar ƙofar nan za ta fito. Ke uwar zumunta ce. Sunanki zai shiga bakin mutane a kasuwa."

Paulina ta jefa citta a kwando. "Sunana, ko naka?"

Hannun Kumai ya tafi kan hula.

"Leƙa da kyau," in ji ta. "Kusan shekara talatin ana cewa Kumai bai san fushi ba, Kumai ɗan rago ne. Ya yi maka daɗi. Ni ban ce laifi ba ne, ni ma ina jin daɗin ji. Amma in ƙarfenka kake so, ka san kuɗinsa ba wani abu ba ne sai sunan nan."

Ya zauna da hular a hannu har inuwa ta matsa ta bar shi a rana. Yana iya yin shiru ya karɓi wata shida, mutane su ce an zalunci mai haƙuri, sunansa ya ƙara haske. Ya ga wannan hanyar sarai, ya kuma ga tana da daɗin bi. Abin da ya dame shi ke nan.

Ran Asabar da la'asar kwamiti ya zauna a ɗan ɗakin da ke jikin coci. Mutum biyar ne, har da Baba Meshak, wanda ya fi kowa tsufa, kunnensa kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Zumuntar mata ta ga ya dace ta yi koyon waƙa a ranar, a ƙarƙashin mangwaron da ke daidai tagar, kuma waƙar ta riƙa yin ƙasa ƙasa har ta ɓace. Alexander ya zo da kwalbar kananzir da ashana. Ya buɗe da addu'a, ya bi ta kan gumakan dā ɗaya bayan ɗaya, har Baba Meshak ya ce amin sau biyu don ya taimaka masa.

"Silvanus," in ji Alexander, "wato Fasto. Ka umarce shi ya ajiye ta a tebur. Kada kowa ya taɓa da hannu."

Kumai ya ajiye hular. Kansa ya bayyana, da sanƙo da layin da hula ta yi masa a goshi. Alexander ya juya ta da bakin sandarsa. Ga jar fatar nan. Dattawa biyu suka ja kujerunsu baya.

"Kun gani da idonku!"

"Fasto," in ji Kumai, "gefe uku ne a ɗinke. Ka sa babban yatsa ka ɗaga na huɗun."

Silvanus ya yi wata 'yar addu'a a ciki, ya ɗaga fatar, ya leƙa. Sai aka ga ya kai hannu ya gyara wuyan rigarsa.

"Mene ne?" in ji Baba Meshak. "Ba ni nan." Ya karɓa, ya kawo kusa da ido, ya kai nesa, ya yi yaƙe. "Kai! Tun rana nake yawo da ganyen nan a haƙori, ba wanda ya gaya mini?"

Guntun madubi ne, bai kai tafin hannun jariri ba, fatar kuwa murfinsa ce don kada ya yanki kai.

Alexander ya manta da dokarsa ta kada a taɓa. Ya fizge hular yana cewa wannan rainin hankali ne, yana cewa shi ba za a mayar da shi abin dariya ba, ya leƙa yana cikin faɗa. Abin da ya gani a ciki, shi kaɗai ya sani. Waɗanda ke wurin dai sun ga jijiyar goshinsa a tsaye, da idanu ja, da kumfa kaɗan a gefen baki. Maganar ta tsaya masa a tsakiya. Ya ajiye hular a hankali.

Amma hedimasta ba ya faɗuwa a bugu ɗaya. "Bokaye ma da madubi suke aiki," ya ce, muryarsa ta ragu. "Me namiji yake yi da madubi a hula? Ya faɗa mana."

Silvanus ya ce ai abin ya isa haka. Kumai ya san in ya yi shiru yanzu ba mai matsa masa. Ya dubi taga. Paulina tana tsaye a wurin, tulunta a hammata, ba ta ko ɓoye kanta.

Kumai ya yi maganar a hankali, idonsa a kan tebur. Ya ce shekarar da ya auri Maman Roseline shi ba wannan Kumai ba ne. A gungun ma'aikatan layi ba wanda ke zama kusa da shi in ya sha burkutu, kuma akwai mutum a Manchok da har yanzu yake tauna da gefe ɗaya saboda shi. Wata ranar kasuwa ya dawo gida, ya tarar miya ta huce, ya ɗaga hannu. Tana ɗaura ɗankwali ne, da madubi a hannunta. Ba ta gudu ba. Ta juyo masa da madubin ta ce, dubi mutumin da zai buge ni, don in an tambaye ka ka san shi. Ya kai duka. Madubin ya fashe, guntu ɗaya ya yanke ta a gira.

"Ba ƙofa ba ce," ya ce. "Ni ne."

A waje mata suka ƙara matsowa kusa da taga.

Ya ce ya sunkuya ya ɗauki guntun da ya fi girma, ya ga fuskar da ke ciki, bai san ta ba. Ya zaci za ta tafi gidan iyayenta, 'yan'uwanta maza shida su zo masa. Ba ta tafi ba. Ta wanke jinin, ta ɗumama miyar, ta ce ta yafe masa domin ita ma an yafe mata da yawa. Washegari ya sami hularsa da ɗinki a ciki. Hula uku ya canja tun lokacin, duk sabuwar da aka ba shi sai ta mayar da guntun.

"Mutumin nan bai mutu ba, Fasto. Baftisma ba ta nutsar da shi ba, ya iya ruwa. Yana nan. In aka taɓa ni nakan leƙa in ga ko ya taso. In na gan shi, sai in ce, Yesu, ga mutuminka, ka riƙe mini shi. In jira har ya koma. Shi ke nan maganin."

Alexander ya matso da kujera.

"Tsaya. Wato lokacin da Saja ya shiga lambunka, ka ji haushi?"

"Elda, ranar da ya cinye gwazan iri, na wasa adda. Har na gwada ta a gashin hannu."

"Don Saja?"

Kumai ya dubi hular. "Da farko don Saja."

Fuskar Alexander ta washe kamar an ba shi kyauta. "To, me ya sa ba ka faɗa ba, bawan Allah! Wata biyar ban yi barcin kirki ba! Na zaci ni kaɗai ne mai zunubi a layin nan!"

Daga taga aka ji muryar Mildred: "Ba kai kaɗai ba ne, amma kai ne na ɗaya a aji." Zumuntar mata ta tuna da waƙarta nan take, ta kama da ƙarfi.

Silvanus ya ɗauko ƙusar daga aljihun tebur ya miƙa wa Kumai. Da an tashi a nan, amma kunnen Baba Meshak ya buɗe gaba ɗaya a ranar. Ya ce doka ba ta da ido ɗaya: wanda ya ɗora wa ɗan'uwansa laifin da bai yi ba a gaban ikilisiya, shi ma bencin baya ne, wata uku. Ya ce Elda ne da kansa ya rubuta dokar, da Turanci a sama. Kumai ya roƙa a bar maganar, ya ce shi ya yafe tun kafin a zauna. Baba Meshak ya ce bai ji ba.

Washegari ƙararrawa ta koma hankalinta, agogunan unguwar suka koma daidai. Alexander ya zo da kwat ɗinsa da tayensa, ya wuce kujerar dattawa ba tare da ya dube ta ba, ya zauna a bencin baya shi kaɗai, bayansa a miƙe. Tsofaffin ɗalibansa suka riƙa samun dalilin waiwaye. Bayan bugu na uku Kumai ya shigo, ya ɗora hula a gwiwa, ya zauna kusa da shi.

"Tashi ka koma wurinka," in ji Alexander ta gefen baki. "Ƙara mini horo kake yi."

"Nan ya fi iska, Elda. Kuma ya fi kusa da ƙarfen."

"Mutane suna kallo."

"Ni suke kallo. Jiya suka san ni."

Haka suka yi wata uku. Ranar Jibin Ubangiji, da aka zo da tire, Kumai ya bar shi ya wuce. Ya ce zai jira maƙwabcinsa, abinci ya fi daɗi da mutum biyu. Alexander ya ciro hankici ya daɗe yana fyace hanci, ya ce mura ce.

Sunan Paulina ya shiga kasuwa kamar yadda Kumai ya ji tsoro, amma ba ta hanyar da ya zata ba. Mata suka riƙa zuwa gidan ɗaya ɗaya, wai aron turmi. Ashe ƙofofin unguwar nan sun buge mutane da yawa. Abin da suka tattauna a ɗaki ba a sani ba. An dai lura mai tireda na bakin tasha ya sayar da ƙananan madubansa kaf cikin mako biyu, kuma wasu magidanta sun fara jin hulunansu sun ɗan yi nauyi. Ba wanda ya kai ƙara kwamiti.

Da rani ya shigo, Alexander ya ce dole a yi danga tsakanin gidajen, shi zai kawo itace. Suka sa Asabar da safe. Alexander yana awo da igiya yana ba da umarni, Kumai yana haƙa rami. Sukan kafa sanda biyu, Mildred ta kawo kunu, Paulina ta kawo gwaza da manja, sai gardama ta tashi a kan ko jirgin Fatakwal ya fi na Jos latti, rana ta yi zafi, a ce sai wani mako. Saja bai ga ƙarshen aikin ba. An yanka shi a Kirsimetin 1976, Alexander ya kai cinya guda gidan Kumai da hannunsa, ya ce rabin naman nan dama gwazan gidan ne. Bai sake kiwon alade ba. Dangar ba ta da sauran amfani, amma ba wanda ya faɗi haka, aka ci gaba da Asabar.

A cikin Asabar ɗin nan ne Alexander ya ce, don ilimi kawai, yana so ya san yadda ake bugun rasuwa. Kumai ya kai shi gindin mangwaro ya riƙe masa wuyan hannu. "Kada ka ƙirga, Elda. Ka saurara. Sai ya gama maganarsa kafin ka yi taka." Alexander ya ce wannan shi ne darasi mafi wuya da aka taɓa ba shi.

Kumai ya rasu a daminar 1979, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Alexander ne ya buga ƙarfen, ɗaya, ya jira, ya ƙara, kuma ba wanda ya fito da bokiti. Bayan an share makoki Paulina ta kai masa hular a nannaɗe cikin ɗankwali. Ta yi masa kaɗan, takan zauna masa a tsakiyar ka kamar murfin tukunya, ba ta kuma dace da kwat ba. Yakan sa ta haka nan. A taron kwamiti, in gardama ta yi zafi, akan ga hannunsa ya tafi sama, kowa ya jira.

Dangar ta kai saura taku uku ta haɗe da bangon ɗakin girki. Ramin sanda ta gaba Kumai ya riga ya haƙa shi, Asabar ɗin da ta wuce kafin ya kwanta, ya jingina sanduna uku a bango ya ce sai mako mai zuwa. Ruwan sama ya cika ramin da ƙasa. Ta wannan giɓin Mildred take wucewa da kunu, ta nan Paulina take miƙa gwaza. Roseline, 'yar Kumai, ta zo daga Kaduna ta ce za ta kira mai aiki ya ƙarasa, rabin yini ya isa. Alexander ya cire hula, ya leƙa, ya mayar, ya ce aikin na mutum biyu ne, a bar sandunan inda mai su ya ajiye.